Faifan Da Ya Juya Wa Makka Baya

"Ya zo?"

Abdulgani yana tsaye a kan benci a tsakar gida, hannu ɗaya riƙe da bakin faifan tauraron ɗan'adam, ɗayan yana tare wandonsa kada ya zame. Matarsa Lubna yake tambaya, wadda ya girke a falo gaban talabijin da rimot a hannu.

"Bai zo ba, Baban Hafsa," ta amsa ta taga. "Baƙi ƙirin. Sai rubutun Faransancin nan ke ta yawo, wai babu sinyal."

"Danna yamma."

Ɗan injin da ke bayan faifan ya yi gurnani, faifan ya karkata a hankali kamar tsoho mai ciwon wuya.

"Yanzu fa?"

"Mafi, babu ko ɗigo."

Duk layinsu a unguwar Gassi ta N'Djamena, Abdulgani ne kaɗai mai parabol, wato faifan tauraro, mai juyawa da kansa. Na sauran mutane a kafe suke, kowanne ya zuba wa tauraro ɗaya ido har ya yi tsatsa. Nasa kuwa yana da moter: ka zauna a falo ka danna, faifan ya bar wannan tauraro ya koma wancan, ya kwaso maka tashoshin kyauta na Larabawa da na Turawa. In ya yi baƙi, ba talabijin yake fara nuna musu ba, tsakar gida yake fito da su su ga juyawar. Sana'arsa sayar da kayan keken ɗinki ce a babbar kasuwa, allura da bel da man keke, kuma wannan ya ishe shi ɗaukar kansa injiniya.

Sai ga shi yau, ranar Arfa, injiniyancin ya ƙi ci. Kuma ba Arfa ce irin ta kowace shekara ba.

Kakansa, Malam Abdulgani wanda aka sa masa sunansa, ya baro Haɗeja a ƙasa da niyyar aikin Hajji, shi da matarsa mai tsohon ciki. Da suka iso nan, lokacin ana kiran garin Fort-Lamy, aka haifi Inna Mariya, mahaifiyar Abdulgani. Malam ya ce a jira jaririya ta yi ƙwari. Ta yi ƙwari, damina ta faɗi. Damina ta wuce, aka ce hanyar Sudan ba lafiya. Haka dai har ya rasu a unguwar Kabalaye da gida da jikoki, sandar tafiyarsa jingine a bayan ƙofa. Bai taɓa yarda an dasa bishiya a gidan ba, wai wa zai tsaya shan inuwarta? Har gobe in ka tambayi Inna ko su mutanen ina ne, sai ta ce, "Matafiya ne mu, muna hanya."

Bana ne aka samu wanda ya ƙarasa tafiyar. Zuwaira, ƙanwar Abdulgani, tana can a filin Arfa. Inna da kanta ta shiga kasuwa ta sayo mata lema ruwan ɗorawa, ta ce ta ɗaga ta sama sosai don a gane ta a talabijin. Abdulgani kuma ya ba ta aron babbar wayarsa, ya koma riƙe wata 'yar ƙarama mai maɓallai. Tun da safe ƙawayen Inna, duk 'ya'yan matafiya irinta, suka cika motar haya daga Kabalaye, suka sha doguwar hanyar Gassi da azumi a bakinsu. Yanzu suna jere a falo a kan darduma, suna kallon baƙin gilashi cikin haƙuri. Makka ta riga N'Djamena da awa biyu, kuma da rana ta faɗi a can an tashi daga Arfa. In Inna ba ta ga 'yarta yau ba, babu wata rana da za a maimaita mata.

Wanda Abdulgani ya fara tuhuma shi ne ragon layya, da ke ɗaure a gindin katanga yana tuƙa.

"Wa ya ɗaure ragon nan a jikin sandar parabol?"

"Ba wanda ya ɗaure," in ji Lubna. "Tun da aka kawo shi yana inda yake."

"To kin shanya zani a kai."

"Sau ɗaya na taɓa yi, bara, kuma har yau ana karanta mini laifin kamar huɗuba."

Ragon ya dube shi, ya ci gaba da tuƙa da fuskar wanda ya san gobe ma ba adalci za a yi masa ba.

Abdulgani ya sauko ya bi waya tun daga bakin faifan har bayan dekoda, ya kwance ya ɗaura, ya hura kan wayar kamar mai fifita shayi. Ya kashe, ya kunna. Babu. Daga ƙarshe ya haɗiye girman kansa ya kira Junaid, wanda ya kafa masa faifan.

"Malam, ni ina Abeshe, na zo Sallah," in ji Junaid, ana ta hayaniyar kasuwar dabbobi a bayansa. "Sandar a miƙe take?"

"A miƙe take sambal."

"To mai da moter ɗin sifiri, ka gaya mini inda faifan yake kallo. Kudu sak ya kamata ya duba. Taurarin nan a jere suke a sama kamar igiyar shanya, daga gabas zuwa yamma ta wajen kudu. In tsakiyarsa ba ta kan kudu, ko ya kwana yana juyawa iska zai kama."

Lubna ta danna, faifan ya dawo tsakiya ya tsaya. Abdulgani ya je bayansa ya bi inda ya dosa da ido. Ba kudu ba ne. Faifan ya tsallake kan famfo, ya nufi gabas da ɗan karkata arewa. Ya san wannan kusurwar, sau biyar yake fuskantarta kullum. Ya duƙa ya dubi ƙusoshin da suka damƙe moter ɗin a jikin sanda, ya ga sabon tabon sifana yana ƙyalli.

Ya kashe wayar bai ko yi sallama ba. Ya je ƙofar falo, ya cire takalmi, ya durƙusa.

"Inna, ko wani ya taɓa parabol ɗin nan jiya ina kasuwa?"

Inna Mariya ta gyara mayafi. Ba ta faɗin sunansa, tunda na mahaifinta ne.

"Ni na sa aka gyara maka shi, Mai Sunan Malam. Ba sai ka gode ba." Ta juya wajen ƙawayenta. "Tun da ciwon gwiwa ya dawo da ni gidan nan nake lura da abin nan. A falo ana nuna Ɗakin Allah, shi kuma a waje ya juya wa alƙibla ƙeya yana kallon Kusiri, kamar mai jiran kaya daga Kamaru. Shi ya sa mutanen suke fitowa ƙanana kamar tururuwa. A haka zan gane Zuwaira? Da Dawuda mai walda ya zo gyaran ƙofa, na ce ya kawo sifanarsa. Na shimfiɗa masa darduma ya auna da ita."

"Seme, seme, ya yi kyau," in ji tsofaffin. "Allah ya yi miki albarka, Mariya. Yaran yanzu ba sa lura."

Yaron yanzu, mai shekara hamsin da 'yan kai da furfura a gemu, ya ji maganganu da yawa sun taso masa. Ya tuna yana azumi, ya tuna uwarsa ce, ya tuna akwai shaidu. Ya mai da su ciki ɗaya bayan ɗaya.

"Inna," ya ce a hankali, "ai hoton ba daga Makka yake tahowa kai tsaye ba. Sama yake fara hawa, sannan ya sauko mana."

"To me ba daga sama yake saukowa ba? Wannan ya hana mu fuskantar gabas?"

"A'a, Inna."

"Talabijin ɗinka ce ba ta da ƙarko. Je ka duba ta, rana tana yi."

Ya fita ya leƙa ta kan katanga, inda Dawuda ke zaune a inuwar shagonsa yana jan carbi.

"Dawuda, kai da hankalinka?"

"Malam Abdulgani, tsohuwa ta ce juya, na juya. Kai da ta haifa ka taɓa ce mata a'a?"

"Miƙo sifanar."

"Ga ta. Amma in an tambaya, ban san me za ka yi da ita ba."

Ya jira har aka kira azahar, tsofaffin suka shige ɗakin Inna yin salla. Ya yi tasa sallar a gaggauce, ya roƙi Allah gafara a kan gaggawar, ya haye benci.

"Lubna, tura shi tauraronmu na kullum, na yamma. Ki bar shi a tashar Makka, ki zuba wa layin sinyal ido. Ni zan juya shi gaba ɗaya da hannu har ya kama."

Ya sassauta ƙusoshin, ya rungumi moter da faifan kamar mai kokawa. Ƙarfen ya sha rana tun safe. Da tumbinsa ya taɓa shi, wata kalma ta zo har bakinsa, ya yi maza ya mai da ita salati.

"Ya zo?"

"Mafi."

Ya ƙara turawa. Faifan ya bar famfo, ya wuce murhu, ya wuce igiyar shanya.

"Tsaya! Ya yi ƙyaf ya ɓace. Koma kaɗan."

"Kaɗan yaya?"

"Kaɗan dai! Kamar gishirin miya."

Ya dawo da shi da ɗan yatsa. Sai kawai falon ya cika da amon talbiyya, muryoyin dubban mutane a haɗe, har ragon ya daina tuƙa. Abdulgani ya ɗaure ƙusoshin, wannan kaɗan wancan kaɗan don kada ɗaurin ya ja faifan, ya sauko yana share gumi da hularsa. A ransa ya riga ya tsara yadda zai ba da labarin a kasuwa, kuma babu Junaid a ciki.

Tsofaffin suka fito da sauri, kowace tana neman takalminta, suka yi falo. Inna ce ta ƙarshe, tana dogara sandar Malam, wadda ta gada. Ta zo tsakiyar tsakar gida ta tsaya. Ta dubi famfo. Ta dubi faifan, wanda ya koma kallon Kusiri kamar ba a taɓa yi masa nasiha ba.

Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi sauƙi. Ta ja tabarma zuwa inuwar katanga, ta zauna ta fuskanci gabas, ta ba falon baya.

"Inna, ga Arfa can ta fito tar," in ji Abdulgani. "Har dutsen ana gani."

"Ku je ku kalla."

"Inna, Zuwaira fa."

"Malam tun da ya baro Haɗeja bai waiwayi yamma ba. Ko ɗaki zai kama sai mai ƙofar gabas. Ni ba zan ga Arfa ta hannun abin da ya juya mata baya ba. In ba rabona, shi ke nan."

Ɗaya daga cikin tsofaffin ta leƙo ta ga abin da ake ciki, ta fito ta zauna kusa da ita. Wata ta biyo. Kafin ka ce me, duk sun dawo tabarma sun jeru suna kallon katanga, talabijin tana can tana yi wa kujeru talbiyya.

Abdulgani ya tsaya da sifana a hannu. In ya mai da faifan alƙibla, babu hoto. In ya bar shi a nan, babu mai kallo. Inuwar katanga kuma sai tsawo take ƙarawa.

Lubna ta yafuto shi ta taga.

"Ba kai kake cika wa baƙi baki ba, wai faifanka ya san taurari fiye da masu duba? Duk a yamma suke? Babu ko ɗaya a gabas?"

Ya buɗe baki zai ce mata wannan harka ce ta injiniyoyi, sai ya rufe. Akwai. Akwai wani na Larabawa can ta gabas, Junaid ya saka masa shi tun farko, shi ne ya daina zuwa saboda babu ƙwallo a kai. Ya shiga falo ya karɓi rimot, ya lalubo tauraron a can ƙasan jeri. Kafin ya danna sai ya tsaya, ya mai da wa Lubna, ya fita tsakar gida ya gyara tsayuwa.

"Inna, na yi masa magana. Ki duba ki gani."

Ya ɗaga hannu, Lubna ta danna. Moter ya yi gurnani. Faifan ya fara barin Kusiri a hankali, ya wuce igiyar shanya, ya miƙe tsakiya, ya ci gaba da gangarowa gabas. Tsofaffin suka bi shi da kai gaba ɗaya. A duk baƙin da ya taɓa nuna wa juyawar nan, bai taɓa samun masu kallo irin waɗannan ba. Faifan ya zo saitin murhu ya tsaya cak, fuskarsa a sama.

Falon ya yi tsit. Lubna tana neman tashar. Can sai muryoyin suka dawo, da farko a kakkarye, sannan suka daidaita.

"Ya zo!" in ji Lubna. "Ya ma fi na ɗazu."

Inna ta tashi da ƙyar, ta zagaya bayan faifan, ta rufe ido ɗaya ta auna da sandar Malam.

"Bai kai ba. Alƙibla tana kan famfo, shi kuma ya tsaya a murhu."

"Inna, iyakarsa ke nan," in ji Abdulgani. "In ya wuce nan hoton zai ɓace."

"To ai bai kai ba."

Lubna ta fito bakin ƙofa, ta rusuna.

"Inna, a yi mini afuwa. Malam ma ai bai kai ba. Amma can ya nufa."

Abdulgani ya dubi ƙasa yana lissafin inda zai kwana. Inna ta daɗe tana kallon surukarta, sannan ta mai da ido kan faifan, ta dube shi sama da ƙasa kamar yadda ake duban baƙon da ya zo neman aure.

"Ya kamo hanya, ya tsaya a tsakiya," ta ce. "Ashe ɗan gidan nan ne."

Tsofaffin suka fashe da dariya, wata har da riƙe ciki tana cewa azumi, azumi. Inna ta nufi falo. A bakin ƙofa ta waiwayo.

"Amma ka ji ni, Mai Sunan Malam. Mu a gidanmu ana tsayawa, ba a komawa. Kada in ƙara jin kukan abin nan yana yin yamma."

"To, Inna."

Ya dubi Lubna. Ƙwallonsa tana yamma. Amma wasan Turkiyya mai fassarar Larabci, wanda Lubna ba ta taɓa bari ya wuce ta ba, shi ma yana yamma. Ya ga lokacin da abin ya faɗo mata a rai, ya ga murmushinta ya tsaya a rabi.

"Sannu da hikima, Maman Hafsa," ya ce a hankali.

"Ka yi mini shiru, ina azumi."

A talabijin, rana ta yi sanyi a kan Arfa. Mutane fari fat sun rufe dutsen da filin har iyakar gani. Lema kuwa, ashe rabin duniya sun yi shawara da Inna kafin su taso: ruwan ɗorawa ta ko'ina, ɗaruruwa, kamar an watsa furanni. Abdulgani ya tsuguna a bakin ƙofa. Duk wahalar nan, kuma a ƙare a haka?

Inna ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Ta bi lemomin da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, ba ta gaggawa. Can gefen dutsen, kusa da wani farin tanti, yatsan ya tsaya.

"Ga ta nan."

"Wallahi ita ce," in ji wata tsohuwa daga baya, wadda kowa ya san ko fuskar jikanta ba ta gani sai ya yi magana. "Tsayuwarta ce."

Inna ta kwantar da sandar Malam a gaban talabijin, kanta yana fuskantar dutsen, ta bar hannunta a kai.

A lokacin ne 'yar wayar Abdulgani ta yi ƙara a aljihu. Ya ga lambar babbar wayarsa. Ya fita tsakar gida ya toshe kunne ɗaya.

"Yaya, da ƙyar na samu layi," in ji Zuwaira, muryarta a dushe. "Ku yi haƙuri, kada ku wahalar da Inna da nema. Lemar nan tun a Madina na manta ta a mota. Kuma ƙafata ta kumbura, tun safe ina cikin tanti, a nan nake addu'ata. Ban ko leƙa waje ba."

Abdulgani ya dubi faifan, ya dubi rago, ya dubi bayan uwarsa ta taga.

"Wane ne?" in ji Inna, ba ta ɗauke ido daga gilashin ba.

"Zuwaira ce, Inna."

"Yauwa. Ce mata ina ganinta. Ce mata ta gyara lemar, rana tana dukan kafaɗarta ta dama."

Ya mai da wayar kunne. Ya yi gyaran murya.

"Inna ta ce tana ganinki. Ta ce ki gyara lemar, rana tana dukan kafaɗarki."

Yana jin talbiyya ta cikin wayar, yana jin ta kuma daga falo, ɗaya tana bin ɗaya a baya kaɗan. Sannan ya ji Zuwaira ta ja hanci.

"Ce mata na gyara, Yaya."

"Inna, ta ce ta gyara."

Inna ta ƙara matsawa, ta ƙura ido. A gefen dutsen, wata baiwar Allah da ba wanda ya san ƙasarsu ta sauya hannun da take riƙe da lemarta.

"Yauwa," in ji Inna. "Haka nan."